Yadda Za Ki Koyar da Hausa ta Waya da Mako Mai Kwana Shida

Ke da ke zaune a gida da waya a hannu, kunya ta hana ki sayar da ko goro a ƙofar gida, matso kusa. Ga alkawarina: in kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin wata huɗu za ki zama malamar Hausa wadda ake kira daga ƙasar waje, ba ki taka zaure ba, ba wanda ya ga fuskarki. Ba ji na yi a bakin wasu ba. Ni Jamilatu ta Illela na gwada, kuma tun da na fara ban taɓa rasa ɗalibi ba. Ɗaya gare ni dama, kuma tana nan.

Mataki na 1: Ki nemi yaya mai baki

Kada maganar takardar shaida ta tayar miki da hankali. Ni a aji shida na firamare na tsaya, sai Islamiyya. Abin da ba a yi sai da shi shi ne yaya irin tawa, Shafa'atu, wadda in ta shiga kasuwa sayen atamfa, mai shago ne ke ƙarewa da ba ta haƙuri.

Ita ta yi mini rajista a wata manhaja da mutanen waje ke neman malaman harsuna. A gurbin suna ta rubuta Malama Jamila Kano. Na ce mata ni ko Sakkwato sau uku na taɓa zuwa. Ta ce mutanen waje sun fi yarda da Hausar rediyo, kuma ba wanda zai ce in nuna masa hanyar Kano. A gurbin hoto ta sa furen roba da ke kan kabad ɗin Inna. A gurbin shekarun ƙwarewa ta sa ashirin da biyu.

Wannan na ƙarshen ba ƙarya ba ne. Shekaruna ke nan, kuma dukkansu da Hausa na yi su.

Mataki na 2: Ki kashe kyamara, ki yi mata ta'aziyya

Ki haddace yadda ake cewa "kyamarata ta lalace" da Turanci. Ki faɗe shi da murya mai rauni, kamar kyamarar 'yar'uwarki ce. Babban malami jinsa ake yi, ba a ganinsa. In kina shakka, tambayi duk mai sauraron rediyo.

Da wannan jimla na tarbi ɗalibata, Latifa. A Ingila aka haife ta, can take aikin jinya. Mahaifiyarta Baturiya ce, mahaifinta kuwa, Malam Hamidu, mutumin wani gari ne a ƙasar Sakkwato, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Hausar da ya bar mata ba ta wuce "zo", "bari", "ci abinci" da "lafiya lau" ba.

A darasin farko, da guntun Turancina da guntuwar Hausarta, ta gaya mini abin da ya kawo ta. Duk Juma'a mahaifinta yakan kira tsohuwarsa a waya, ya miƙa mata su gaisa, ita kuma komai tsohuwar ta ce sai ta amsa da lafiya lau. Ranar da ya rasu, tsohuwar ta kira tana kuka, ta yi magana mai tsawo, sannan ta yi shiru tana jiran amsa. Latifa ta ce mata lafiya lau. Shi kaɗai gare ta.

Yanzu ta ɗauki hutu, nan da wata huɗu za ta zo ta ga kakar tata karo na farko. So take ta gaishe ta da bakinta, ba tafinta, kuma kada ta sake faɗin abin da bai dace ba.

A irin wannan wuri ne za ki gode wa Allah da kyamara a kashe take.

Mataki na 3: Ki buɗe ofis

Ofis shi ne duk inda sabis ke kamawa kuma ba a aiken mutum. Nawa ɗakin da Baba ke ajiye buhunan albasa ne. Buhu ɗaya kujera, buhu biyu tebur. In hawaye ya zo miki a tsakiyar darasi, ga dalili nan kewaye da ke.

Matsala ɗaya: gidanmu a bayan layin 'yan canji yake. Daga la'asar, lokacin darasi, ba abin da ke shigowa ta taga sai ƙarar kabu-kabu da muryoyin masu kiran "sefa, sefa" ga duk wanda ya fito daga Konni da kuɗin Nijar a aljihu.

Ɗaliba mai ƙwazo za ta tambaye ki mene ne wannan. Kada ki yi jinkiri, jinkiri ke tona malami. Ni cewa na yi ɗaliban makarantarmu ne, haka suke gaida manya idan sun wuce. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Na ji ƙarar biro a kan takarda.

Duk abin da ɗalibi ya rubuta ya zama ilimi. Ki riƙe wannan.

Mataki na 4: Ki wanke bakinki da rediyo

Tunda an ce ke 'yar Kano ce, sai ki zama. Kowace safiya ki kunna labarai, ki riƙa bin mai karantawa. Inda bakinki ya saba cewa "mi", ki lanƙwasa shi ya ce "me". Inda kika saba cewa "tahi", ki ce "tafi". Ki yi ta yi har Inna ta leƙo ta tambaye ki ko haƙori ke damunki.

Amma ki sani, Hausar aro ba ta jure firgita. A mako na uku wata akuya ta turo ƙofar ofis daidai lokacin da Latifa ke karanto jimla, ban ji ƙarshenta ba, sai kawai na ji bakina ya ce, "Mi kic ce?"

Na duba ko layi ya katse. Can Latifa ta ce haka babanta yake faɗi, sak, duk lokacin da ta yi masa magana yana kallon ƙwallo. Na yi maza na ce sabis ne ya murɗe kalmar, daidai ita ce "me kika ce". Ta ce ta ji, ta gode, amma ta fi son wadda sabis ya murɗe.

Daga ranar ban iya raba ta da ita ba. In ɗaliba ta kafe a kan kuskurenki, ki bar mata, ki ce sai a babban aji ake gyara irin wannan.

Mataki na 5: Ki san kalmar da ba za ta fita bakinki ba

Nan ne gwanaye ke faɗuwa, don haka ki gyara zama.

Kowace ɗiya mai kunya tana da sunan da ba ta faɗi. Ba doka aka kafa mata ba, baki ne kawai ba ya buɗuwa. Wata na mahaifi, wata na mahaifiya. In sunan Innarki Aishatu ne ko Rabi'a, kin huta, za ki ƙare littafi ba ki ci karo da shi ba. Ni kuwa Inna an haife ta ne a ranar da ke tsakanin Talata da Alhamis, kuma iyayenta ba su wahalar da kansu neman wani suna ba. A gidanmu ba mai kiran ranar nan. Cewa muke ranar Inna.

Ban tuna da wannan ba sai da muka iso darasin ranakun mako. Na fara da ƙarfina: Lahadi, Litinin, Talata. Sai na tsaya. Ta tagar ofis ina hango Inna tana juya masa a tanda. Na yi tari. Na ce Alhamis, Juma'a, Asabar.

Latifa ta ƙirga, ta ce shida ta samu. Na ce to akwai wata a tsakiya, sunanta ranar Inna. Ta rubuta.

A darasi na gaba ta dawo da bincike. Ta ce ta duba jerin ranaku a intanet, ta ga wata kalma dabam, ta kuma karanto ta da ƙarfi, sau biyu, har da tambayar ko ta faɗa daidai. Na rufe lasifika da tafin hannu don kada ta kai tsakar gida. Sannan na yi mata bayani iyakar Turancina. So nake in ce ni ce ba na faɗi, saboda girmamawa. Abin da ya fita shi ne: kalmar littafi ce, masu tarbiyya ba sa faɗinta.

Ta ba ni haƙuri har sau uku. Ta ce ta soke ta da jan biro.

Ki lura, ban yi ƙarya ba. Rabin gaskiya na faɗa, sauran rabin Turanci ne ya ƙare.

Mataki na 6: Kada ki tambayi sunan garin

Ƙasar Sakkwato faɗi gare ta. Muddin ba ki tambaya ba, kakar tana can nesa, wajen da ba ruwanki. Wata uku na yi ina bin wannan ƙa'ida lafiya.

Ita ce ta karya ta. Ta ce ta sayi tikiti, kuma tana so ta koyi faɗin sunan garin daidai: Amarawa.

Amarawa, inda 'yan kabu-kabun ƙofar gidanmu ke kai mutum su dawo shayinsu bai huce ba.

A nan za ki ci moriyar zama a bakin iyaka. Wayoyinmu sukan yi tsalle su kama layin Nijar ba da izinin kowa ba. Ki ce hakan ta faru, ki kashe. 'Yar Kano ta gaskiya ba ta da wannan uzuri, amma ɗaliba ba ta san taswira ba.

Na ruga gidan Shafa'atu. Na ce yarinyar nan za ta durƙusa gaban kakarta da kalmar da babu ita a ko'ina sai gidanmu, kuma ranar da za ta isa ma ita ce ranar. In aka yi mata dariya fa? Ta zo gyara kuskure ɗaya, ni na ɗora mata wani. Shafa'atu ta ce abu mai sauƙi, in buɗe baki in faɗi kalmar sau ɗaya, a wuce wurin. Na miƙa mata wayar na ce ta ɗaukar mini da muryarta in tura. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta ce ai ni ce malama.

Na gwada, Allah ya sani. Na rufe ofis, na tsaya gaban buhu, na fitar da harafin farko. Inna ta yi atishawa a tsakar gida. Na ce yarhamukillah, na zauna.

Mataki na 7: In kin rasa abin koyarwa, ki koyar da abin da kika sani

Saura mako uku, na ajiye rediyo. Na ce mata ta ture kujera ta durƙusa a ƙasa, ko ba na ganinta zan ji a muryarta in ta yi ha'inci. Ta cire takalmi tun daga ƙofa. Ta yi sallama ta jira a amsa. Kada ta kafe tsohuwa da ido. Gaisuwa ba a yi mata gaggawa: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi gida, a tambayi jiki, in an ƙare a sake komowa. Wannan fanni ko a Kano ba na jin akwai wanda ya fi ni, domin duk rayuwata kallon ƙasa nake yi.

Sannan muka zo kan babbar. Na ce in Kaka ta ambaci babanki, ko kika ji muryarta ta canza, kada ki nemi fahimtar kowace kalma. Ki bari ta kai aya. Sai ki ce, "Allah shi jiƙan shi. Ya haƙuri, Kaka?"

Ta maimaita ya fi sau arba'in. Sai da muka rabu na tuna a rediyo "Allah ya jiƙansa" suke cewa. Na bar shi. Ta'aziyya ba a yin ta da bakin aro.

Mataki na 8: Ranar jarrabawa ki kashe waya

Malami na gari ba ya tsoma baki a sakamako. Ki kashe waya, ki sa ta ƙarƙashin buhu, ki taya Inna wanke tanda har ta fara zargin kin yi laifi.

Abin da ya faru a Amarawa daga baya na ji shi, daga bakin mutum biyu, kuma ba su saɓa ba.

Da ta sauka daga mota, baffanta Lawwali ne ya tarbe ta. Ta rusuna ta ce masa, "Sefa." Ya ce to, bari ta huta tukuna, gobe ya kai ta wajen masu canji.

Aka shigar da ita wurin kakar, Hajiya Talatu, ɗaki cike da mata. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta jero gaisuwa ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta fara maganar Hamidu, tun yana yaro yana bin shanu har ranar da aka kira ta a waya. Latifa ba ta gane ko rabi ba. Ta jira har aka kai aya, ta faɗi abin da ta zo faɗi.

Tsohuwar ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, Latifa ba ta ji ba, ta ce, "Mi kic ce, Kaka?" Nan Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe, ta ce wannan bakin Hamidu ne, wa ya sa mata shi? Latifa ta ce Malama Jamila Kano. Hajiya ta ce ita dai ta je Kano sau biyu, ba ta ji mai magana haka ba.

Da an tsaya nan, da yanzu ina cikin rufin asiri. Sai wata ta tambayi baƙuwa yaushe ta taso. Ta ce Litinin ta sauka Abuja, Talata ta kwana Sakkwato, yau ranar Inna ta iso. Hajiya ta ce wace Inna kuma, yau ai, ta faɗi sunan ranar.

Latifa ta sunkuyar da kai. Cikin ladabi, da muryar da na koya mata, ta ce, "Kaka, masu tarbiyya ba su faɗin wannan."

Baffa Lawwali ya ce daga zaure ya jiyo dariyar, ya ɗauka biki aka fara ba a gaya masa ba. Latifa ta ce ta so ƙasa ta buɗe. Amma tsohuwar ba ta saki hannunta ba. Da ta share hawaye, na kuka da na dariya, sai ta shiga yi mata tambayoyi kamar alƙali. Malamar nan, kin taɓa ganin fuskarta? Me kike ji a bayanta in tana magana? Da aka zo kan yadda ɗalibai ke gaida manya, Hajiya ta tafa hannu. Bakin Sakkwato, bayan 'yan canji, uwa mai sunan ranar. Ta ce shekara ashirin tana cin masar matar nan duk ranar kasuwar Illela.

Mataki na 9: Ki zaɓi ofis mai ƙofa biyu

Nawa ɗaya gare shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ji sallama, na ji Inna tana marabtar Hajiyar Amarawa, sannan na ji wata murya da na fi sanin ta a lasifika tana tambayar gajiya da gida da jiki, a jere, ba kuskure. Na duba taga. Ko akuyar ba za ta fita ta nan ba.

Inna ta ɗaga murya ta ce, "Jamilatu, hito, baƙinki na."

Na fito ina warin albasa, idona a kan yatsun ƙafata. Na yi niyyar ba zan ce uffan ba, tunda muryata kaɗai ta sani. Sai ga doguwar mace ta cire takalmi ta durƙusa a gabana, a tsakar gidanmu, ta ce ina wuni Malama. Gaisuwa kuwa ba a barin ta a ƙasa. Na amsa.

Ta ɗago ta dube ni, abin da na hana ta yi wa manya, ta ce, "Malama, kyamara ta gyaru."

Na faɗa mata komai, ina kallon ƙasa. Ba Kano, ba makaranta, ba ɗalibai masu gaisuwa, aji shida ne da buhun albasa. Shafa'atu, wadda labari ya riga ya kai mata, ta shigo da saurinta ta fassara, ta rage wuraren da sunanta ya fito. Latifa ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ga kakarta ta tambaya ko abin da ta faɗa jiya a kan babanta daidai ne. Hajiya ta ce ko ita ba za ta faɗe shi fiye da haka ba. Latifa ta ce to shi ta zo nema.

Aka yi wa Inna bayanin yadda aka cire ta daga mako. Ta ce shekara ashirin da biyu tana ce wa mutane ɗiyarta ba ta da magana, ashe ina ɗaki ina rage wa Ingila kwanaki. Ta ƙara wa baƙi masa, ni ma ta ƙara mini biyu, ba ta ce don me ba.

Hajiya ta ce yarinyar da ta kasa kiran sunan uwarta ko a cikin waya, ko ga wadda ke bayan teku, ita take so ta ci gaba da koyar da jikarta. Na so in yi godiya. Yatsun ƙafata na yi wa.

Sai Latifa ta tambayi sunan kakarta na yanka, don a gida Hajiya kawai take ji. Aka gaya mata. Ta fiddo littafinta, ta nemo shafin ranaku, ta ja wa Talata jan layi. Hajiya ta ce a'a, tsakanin kaka da jika wasa ne, ta kira ta yadda ta ga dama, kuma ma ai sunan da ranar ba ɗaya ba ne. Latifa ta ce sun yi kusa da yawa, kuma malamarta ba haka ta koya mata ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. In ɗalibarki ta gaida jami'in filin jirgi da sefa, tsakaninsu ne. In makonta ya koma kwana biyar, kamar na wata da na sani, ta rasa jirgi ko ta je aiki ranar hutu, ba da yawuna ba. In sunan Innarki Ladi ne ko Asabe ko Jummai, ki sake shawara tun kafin rajista, ko ki koma koyar da lissafi. Shafa'atu ta gyara sunana a manhaja ya koma Jamilatu Illela, amma furen roba yana nan, kuma duk wadda ta ce a cire shi sai ta zo ta cire da kanta. Darasinmu da Latifa yana ci gaba, ranar Kaka da ranar Inna, bayan la'asar.

Mai ƙorafi ta kawo shi da kanta. Rana ɗaya tak ake karɓa a mako, kuma kin san ba zan iya gaya miki wace rana ba ce.